AS/400: tsohon injin da ya binne abokan gogayyarsa

A ranar 21 ga watan Yuni na 1988, kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya fito da wani inji mai ƙwaƙwalwa da aka ƙera domin bankuna, masana'antu da manyan gidajen sari, ya raɗa masa suna AS/400. Fiye da shekaru 35 bayan haka, akasarin kamfanonin da suka yi gogayya da shi sun rushe ko an saye su, amma zuri'arsa na nan tana lissafin albashi, bashi da kaya a ƙasashe da dama. A watan Yuli na 2025 ma an fito da sabon ƙarfen da ke ɗauke da shi. Me ya ba shi wannan tsawon rai, kuma me ke yi masa barazana?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'aikacin banki ya ga yadda ake buga lambar asusu, nan take abin da ke cikin asusun ya bayyana a kan allo. Abin da ba a gani shi ne inda amsar ta fito. Kwamfutar da ke kan teburin ma'aikacin taga ce kawai. Littafin kuɗin yana can wani ɗaki mai sanyi, ƙofa a kulle, cikin wani inji da ba a kashewa dare da rana, wanda ke amsa tambayoyin ɗaruruwan ma'aikata a lokaci guda. Irin wannan inji ne wasu ke kira uwar garke, domin kuwa sauran kwamfutocin gidan duk gare shi suke komawa.

Tun shekarun 1960 injunan lissafi suka kasu gida biyu, daga baya suka zama uku. Akwai manya, waɗanda sai gwamnati ko babban banki ke iya saye, suna cin ɗaki guda, suna buƙatar rundunar injiniyoyi. Akwai ƙanana na kan tebur, waɗanda suka bazu daga ƙarshen shekarun 1970. A tsakaninsu kuma akwai matsakaita, na kamfanin da aikinsa ya fi ƙarfin akawu da alƙalami amma aljihunsa bai kai na gwamnati ba. Idan manyan su ne tirela, ƙananan kuma motar shiga, to matsakaitan su ne motar ɗaukar kaya da ke zirga-zirga tsakanin mangaza da kasuwa: ba ta da kwalliya, amma ranar da ta kwanta ciniki ya tsaya. AS/400 shi ne wanda ya fi kowane shahara a wannan gida na tsakiya.

Asalinsa a garin Rochester

Tarihin injin ya fara ne a Rochester, wani gari mai tsananin sanyi na jihar Minnesota, wanda aka fi sani da babban asibitin nan na Mayo. IBM ya kafa masana'anta a can a 1956, nesa da cibiyarsa ta jihar New York inda ake ƙera manyan injuna. Wannan nisa ya ba injiniyoyin Rochester damar bin hanyarsu. A 1969 suka fito da System/3, wanda ke karanta bayanai daga ƙananan katuna masu huji. System/32 ya biyo baya a 1975, System/34 a 1977, sannan System/36 a 1983. Dukansu an yi su ne domin kamfanin da ba shi da injiniya, inda mai lissafin kuɗi ko magatakarda zai koyi sarrafa injin cikin ƴan makonni.

A tsakiyar wannan jeri akwai wani na dabam, System/38, wanda aka yi shelarsa a 1978 amma bai isa hannun masu saye ba sai 1980. Yana da tsada, bai kuma samu kasuwa kamar System/36 ba, sai dai a cikinsa ne aka binne dabarar da za ta raya zuri'ar baki ɗaya. Babban mai zana shi shi ne Dokta Frank Soltis, injiniyan da ya yi aiki a IBM har zuwa lokacin da ya yi ritaya a 2008.

A farkon shekarun 1980 IBM ya sami kansa da matsakaitan injuna iri-iri da ba sa jin harshen juna. Shugabanninsa suka ƙaddamar da wani shiri mai suna Fort Knox domin a narkar da su duka cikin inji guda. Shirin ya ci kuɗi da shekaru, aka soke shi a 1985 ba tare da ya haifar da abin da ake nema ba. Mutanen Rochester, waɗanda suka ga masana'antarsu na cikin haɗari, suka kawo shawara mai sauƙi: a ɗauki ginin System/38, a sa masa sauƙin System/36, a bar masu tsofaffin injunan biyu su ƙaura da manhajojinsu. Suka kira shirin Silverlake, sunan wani tafki na garin. Cikin ƙasa da shekaru uku aka gama. Ranar fitowarsa an nuna nau'i shida, daga ƙarami B10 zuwa babba B60, tare da manhajoji fiye da 1000 da wasu kamfanoni suka riga suka shirya masa. A 1990 masana'antar Rochester ta sami lambar yabo ta Malcolm Baldrige, wadda gwamnatin Amurka ke bayarwa saboda ingancin aiki. Kafin ƙarshen 1997 an sayar da kusan rabin miliyon na injin.

Tafinta tsakanin manhaja da ƙarfe

Domin a gane sirrin tsawon ransa, tilas a san yadda kwamfuta ke karɓar umurni. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan guntu da ke yin lissafin, ana kiransa furosesa. Manhaja kuwa jerin umurni ne da mutum ya rubuta: tara wannan, cire haraji, buga takardar albashi. Kowane irin furosesa yana da harshensa, kuma a al'ada akan juya manhaja kai tsaye zuwa harshen furosesan da za ta yi aiki a kansa. Matsalar a fili take. Ranar da aka canza irin furosesan, manhajar ta zama kurma, sai an koma an sake juya ta, wani lokaci ma an sake rubuta ta daga farko.

Soltis da abokan aikinsa suka ƙi wannan hanya. Suka ƙirƙiro wani harshe na tsakiya wanda babu furosesan da ke jin sa, suka ce da shi kaɗai manhajoji za su yi magana. A ƙarƙashinsa suka ajiye tafinta, wanda ke juya wannan harshe zuwa na ƙarfen da ke cikin akwatin a lokacin. Kwatancinsa shi ne ɗan kasuwan da ke rubuta dukan wasiƙunsa da Hausa, yana da tafinta a gefe. Bana abokin cinikinsa Bafaranshe ne, baɗi ɗan Sin ne. Ba ya sake rubuta wasiƙunsa, tafinta kawai yake canzawa. Daɗin daɗawa, kowace manhaja tana ajiye kwafinta na harshen tsakiya a jikinta, ta yadda ko wanda ya rubuta ta ya mutu, ko kamfanin da ya sayar da ita ya rufe, injin zai iya sake juya ta da kansa.

Akwai wasu dabaru biyu da suka raka wannan. Ta farko, injin yana ɗaukar ma'ajiyarsa ta wucin gadi da faya-fayansa a matsayin fili guda, shi ke yanke inda zai ajiye kowane abu, ba sai an ɗauki ma'aikaci na musamman domin rarraba wuri ba. Adireshin kowane abu a wannan fili an ba shi faɗin bit 128, abin da ya wuce buƙatar zamanin nesa ba kusa ba, kamar mai gina titi mai hannu goma a garin da ke da amalanke biyu. Ta biyu, rumbun bayanai, wato tsarin da ke jera asusu, sunayen abokan ciniki da lissafin kaya, an gina shi ne a cikin babbar manhajar injin. A sauran injuna akan saye shi dabam daga wani kamfani, a ɗauki mai kula da shi dabam, idan abu ya ɓaci kuma kowa ya ɗora laifi kan ɗan'uwansa. A nan mai sayarwa ɗaya ne, mai amsa laifi ma ɗaya ne.

Jarrabawar 1995

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A farkon shekarun 1990 furosesan AS/400, mai faɗin bit 48, ya fara gazawa a gaban sababbin furosesoshi masu gudu. IBM kansa yana cikin mawuyacin hali: a 1993 ya yi hasarar fiye da dalar Amurka miliyar 8, shekarar da aka kawo Louis Gerstner daga waje domin ya ceto kamfanin. Ba a da kuɗin da za a ci gaba da ƙera furosesa dabam ga kowane inji. Aka yanke shawarar AS/400 ya koma kan dangin PowerPC, wanda IBM ya kafa tare da Apple da Motorola a 1991, bayan an ƙara masa abubuwan da Rochester ke buƙata.

A 1995 sababbin injunan suka fito da furosesa mai faɗin bit 64, wanda harshensa bai haɗa komai da na tsohon ba. Injiniyoyin IBM sun sha wahala, domin sun sake rubuta kashi mai yawa na abin da ke ƙarƙashin tafintan. Mai inji kuwa abin da aka nema daga gare shi kaɗan ne: ya kwashe manhajojinsa a kaset, ya zuba su a sabon akwati, injin ya juya su. Sharaɗi ɗaya ne, kada a ce an goge kwafin harshen tsakiya daga jikin manhajar. Waɗanda aka goge wa, sai da aka nemo rubutun asali. Washegari ma'aikata suka zauna gaban allon da suka saba, suka tarar da aikin jiya, sai dai ya ƙara sauri. An sake irin wannan juyi a 2008, kuma har yanzu injin na da wani sashe da ke gudanar da manhajojin da aka rubuta wa System/36.

A daidai wannan zamani abokan gogayyarsa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Wang ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 1992, shekarar da Prime ya daina ƙera injuna. Digital Equipment, wanda injinsa VAX na 1977 ya mamaye jami'o'i da masana'antu, ya fito da furosesa Alpha mai tsananin gudu a 1992, amma ƙaura zuwa gare shi ta buƙaci a bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya. Compaq ya saye Digital a 1998, HP kuma ya saye Compaq a 2002. EMC ya saye Data General a 1999. Shi kansa HP ya sanar a 2001 cewa zai yi watsi da injinsa HP 3000, ya daina kula da shi a ƙarshen 2010, ya bar masu shi su nemi mafita. Oracle ya saye Sun a 2010. A Faransa, kamfanin Bull, wanda gwamnati ta mayar nata a 1982, ya shiga sayar da injuna masu furosesan IBM a ƙarƙashin sunan Escala, kafin Atos ya saye shi a 2014.

Abin da ya karya su ba abu ɗaya ba ne. Babban dalili shi ne arhar ƙananan kwamfutoci masu furosesan Intel, waɗanda aka fara jerawa suna yin aikin matsakaitan injuna. Sai dai akwai wani abu da ya maimaitu: duk lokacin da kamfani ya ce wa mai injinsa ya sake rubuta manhajojinsa, ya buɗe masa ƙofar tafiya ke nan, domin wanda zai sake gini daga tushe ba abin da zai hana shi canza fili. AS/400 bai taɓa tilasta wa masu shi wannan zaɓi ba.

Ƙarfe ya canza, suna ya canza

Yau babu wani inji da ake sayarwa da sunan AS/400. A 2000 aka mayar da shi iSeries, a 2004 aka kira shi i5, a 2006 System i. A watan Afrilu na 2008 IBM ya haɗe shi da ɗan'uwansa mai aiki da tsarin Unix, suka zama inji guda mai suna Power Systems, babbar manhajar kuma aka kira ta IBM i. Wannan yawan canjin suna ya rikita kasuwa, har wasu suka ɗauka injin ya mutu. Ma'aikatansa dai har gobe AS/400 suke cewa, kamar yadda unguwa kan riƙe tsohon sunanta ko hukuma ta kafa sabon allo.

Haɗewar ta 2008 ita ce ta tabbatar masa da abinci. Zana sabon furosesa yana cin kuɗi masu ɗimbin yawa, kuma masu IBM i kaɗai ba za su iya biyan su ba. Tun da akwati ɗaya ne ke ɗaukar IBM i da AIX da Linux, kuɗin ya rabu gida uku. Daga nan duk ci gaban da dangin POWER ya samu, tsohon injin Rochester na da rabonsa. POWER4 na 2001 shi ne ya fara shiga kasuwa da ƙwaƙwalwa biyu a guntu ɗaya. POWER5 ya zo a 2004, POWER6 a 2007, POWER7 a 2010. Da injunan POWER7 guda 90 aka haɗa Watson, kwamfutar da ta doke zakarun gasar kacici-kacici ta Jeopardy a talabijin na Amurka a 2011. POWER8 ya shiga kasuwa a 2014, POWER9 a ƙarshen 2017, kuma da shi aka gina Summit na cibiyar bincike ta Oak Ridge, wadda ta zama kwamfuta mafi sauri a duniya a watan Yuni na 2018.

Power10, wanda ya fito a watan Satumba na 2021, yana da tiransisto miliyar 18 a guntu ɗaya. Babban nau'insa na iya ɗaukar ƙwaƙwalwa 240 da ma'ajiyar wucin gadi ta terabait 64, alhali kuwa ƙaramin nau'in 1988 da ƴan megabait ake auna tasa, kuma terabait ɗaya ya kai megabait miliyon guda. Tun 1999 ana iya kasa inji ɗaya gida-gida, kamar babban gidan haya da kowane ɗaki ke da mabuɗinsa, ta yadda banki zai gudanar da aikin yau a wani sashe, gwaji a wani, ba tare da ɗaya ya taɓa ɗaya ba. A 2025 aka fito da IBM i 7.6 a watan Afrilu, sannan Power11 a watan Yuli. IBM ya yi alkawarin cewa za a iya sabunta sabon injin ba tare da an tsayar da aiki ba, kuma tsayawarsa ta bazata ba za ta kai minti ɗaya a shekara ba. Alkawarin mai sayarwa ne, lokaci ne zai gaskata shi ko ya ƙaryata.

Abin lura shi ne IBM ya rabu da abubuwa da yawa amma bai rabu da wannan ba. Ya sayar wa Lenovo na ƙasar Sin sashensa na ƙananan kwamfutoci a 2005, ya ƙara masa da sashen injuna masu furosesan Intel a 2014. A 2015 ya miƙa masana'antunsa na furosesa ga GlobalFoundries, har da ƙarin dala miliyar 1 da miliyon 500 domin a karɓa. Power10 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ne ya ƙera shi, bisa zanen IBM. A 2013 aka sanar da mayar da akasarin aikin harhaɗa injunan daga Rochester zuwa Guadalajara ta ƙasar Meksiko, a 2018 kuma aka sayar da gine-ginen masana'antar, IBM ya koma ɗan haya a wani ɓangare. Mai narka ƙarfen ya canza, wurin harhaɗawa ya canza, manhajar mai inji kuwa tana nan yadda take.

Me ya sa ba su tashi ba?

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Manhajar da kamfani ya yi shekaru 30 yana gyarawa ta wuce jerin umurni, ta zama ma'ajiyar dokokin gidan: wane abokin ciniki ake yi wa rangwame, yaya ake lissafin ruwan bashi idan wata ya ƙare ranar hutu, wace takarda hukumar haraji ke nema. Da yawa daga cikin waɗannan ba a rubuce suke a ko'ina ba sai a cikin manhajar, waɗanda suka san dalilinsu kuma sun bar aiki. Shi ya sa manyan manhajojin banki irin su SilverLake na kamfanin Jack Henry a Amurka, da Equation da Midas waɗanda suka fito daga Ingila suka bazu a ƙasashe da dama, suka kafu a kan wannan inji, haka ma JD Edwards World da masana'antu ke amfani da ita.

Haɗarin ƙaura kuwa ba tatsuniya ba ce. A watan Afrilu na 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe asusun abokan cinikinsa daga tsohon tsari zuwa sabo. Tsohon tsarin ba AS/400 ba ne, amma darasin ɗaya ne. Mutane kusan miliyon 1 da dubu 900 suka kasa shiga asusunsu, wasu suka ga asusun da ba nasu ba, rikicin ya ɗauki makonni. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba. Abin ya ci wa bankin kimanin fam miliyon 330, wato fiye da miliyar 200 na kuɗin sefa, kuma a ƙarshen 2022 hukumomi suka ci shi tarar fiye da fam miliyon 48. Duk daraktan da ya ji wannan labari zai yi tunani sau biyu kafin ya taɓa injin da bai taɓa ba shi kunya ba.

Bugu da ƙari, injin bai tsaya a zamanin baƙin allo mai koren rubutu ba, ko da yake ma'aikatan mangaza da yawa sun fi son wannan allo saboda saurinsa a hannun wanda ya saba. Ya karɓi harshen Java a 1998, PHP a 2006, daga baya Python da wasunsu. Abokin cinikin banki na iya duba asusunsa a wayar hannu, bai san cewa amsar ta fito daga manhajar da aka rubuta kafin a haife shi ba. Tun 2019 kuma IBM na ba da hayar injin daga nesa ta intanet, ga wanda ba ya son ɗawainiyar ɗaki mai sanyi da janareta.

Inda gizo ke saƙa

Babbar barazanar ba daga ƙarfe take ba, daga mutane take. Akasarin manhajojin injin an rubuta su ne da RPG, harshen da IBM ya ƙirƙiro a 1959, wanda tsohon salonsa ke tilasta a rubuta kowane abu a gurbinsa kamar a katin huji. An sabunta shi a 1994, an kuma sake sassauta shi a 2013 har ya yi kama da harsunan zamani, amma makarantun da ke koyar da shi kaɗan ne, waɗanda suka iya shi kuma furfura ta cim musu. Abin da ya faru a jihar New Jersey ta Amurka ya isa ishara. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, tsarin biyan marasa aikin yi ya cushe, har gwamna Phil Murphy ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, tsaran RPG, domin injunan jihar sun haura shekaru 40. Injin da ba ya lalacewa yakan sa mai shi ya manta da horar da magaji.

Ta biyu ita ce tsada da dogaro ga mai sayarwa ɗaya. IBM i ba ya aiki sai a kan ƙarfen Power na IBM. Kuɗin lasisi na bin girman inji da yawan ƙwaƙwalwar da aka kunna. IBM i 7.6 ba ya hawa kan POWER9, saboda haka mai son sabuwar manhajar sai ya sayi sabon ƙarfe. Ranar da IBM ya ƙara farashi, mai inji ba shi da wata rumfa da zai taya. Sabo turken wawa ne, in ji Hausawa, kuma masu HP 3000 sun ɗanɗana abin da ke faruwa idan mai sayarwa ɗaya tilo ya ce ya gaji.

Ta uku ita ce sakaci da tsaro. Ginin injin yana hana a mayar da takarda manhaja a ɓoye, abin da ya sa ƙwayoyin cutar kwamfuta ba sa samun gindin zama cikinsa da sauƙi. Wannan suna mai kyau ya sa wasu masu shi suka bar ƙofofi a buɗe, da kalmomin sirri da ba a canza ba shekara da shekaru. Idan an haɗa ma'ajiyarsa da ƙananan kwamfutocin biro, ɓarayin da ke kulle bayanai su nemi fansa na iya shiga ta wannan kafa. Shi ya sa aka gina wa 7.6 hanyar tantance mai shiga da shaida fiye da ɗaya. Ganuwa mai kauri ba ta da amfani idan mai gadi ya bar mabuɗi a jikin ƙofa.

Abin da mai saye zai riƙe

Sababbin kamfanoni kaɗan ne ke fara aikinsu a kan wannan inji a yau. Akasari suna zaɓen Linux da hayar injuna daga nesa. Rayuwarsa ta dogara ne ga waɗanda suka riga suka zuba dukiyarsu a cikinsa, kuma muddin suna biya, IBM na da dalilin ƙera masa sabon ƙarfe.

Ga ɗan kasuwa ko shugaban ma'aikata da ke shirin mayar da lissafinsa cikin kwamfuta, tarihin nan na da amfani ko da ba zai taɓa ganin AS/400 da idonsa ba. A lokacin ciniki hankali yakan tafi kan akwatin da farashinsa, alhali kuwa akwatin shi ne abin da zai fara tsufa. Abin da ke da tsadar gaske shi ne bayanan da za a tara a ciki, manhajar da za ta koyi dokokin gidan, da ma'aikacin da zai iya ta. Kafin a sa hannu a kwangila, ya kamata mai saye ya sami amsar tambayoyi uku a rubuce: idan wannan ƙarfe ya tsufa, manhajar za ta hau na gaba ba tare da an sake biyan kuɗin rubuta ta ba? Idan aka ɓata da mai sayarwa, za a iya fitar da bayanan cikin sigar da wani inji zai karanta? Kuma mutum nawa ne a gidan, ko a garin, za su iya gyara ta ranar da wanda ya kafa ta ya tafi? Injiniyoyin Rochester sun amsa ta farko tun 1978. Sauran biyun har yau suna wuyan mai inji.